Misalin Fitilar da Ta Ƙi Yin Ja

Akwai wani mutum a wani gari, ana ce da shi Gayus. Ba manomi ba ne, ba kuma makiyayi ba, ko da yake kakanninsa da noma da kiwo suka rayu. Shi sana'arsa rubuta manhaja, wato umarnin da ake tsara wa kwamfuta da injuna don su san abin da za su yi da lokacin da za su yi shi. Mutum ne mai natsuwa, ba ya son hayaniya. Abu ɗaya ne ba ya iya haɗiyewa, a ce masa aikinsa bai yi ba.

Gayus yana da gwaggo a ƙauye mai suna Liyatu, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ita ce kuma shugabar zumuntar mata a ikkilisiyarsu. Matan nan kusan kowacce tana da 'yan kajinta, amma kiwon ya ƙi gaba. Wata kazar ta kwanta a kan ƙwai, ta gaji a tsakiya ta tashi ta yi tafiyarta. Wata ta jure har ƙarshe, ta fito da 'yan tsakin da ba su kai rabin ƙwan ba. Wata rana Liyatu ta zo birni ganin likitan ido, ta sauka a gidan Gayus, ta zauna tana kallonsa yana ta danne-danne a kwamfuta. Can sai ta ce, “Ɗana, kai da aka ce kana sa ƙarfe ya yi magana, ba za ka iya sa shi ya kwanta a kan ƙwai ba?”

Gayus ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma maganar ta zauna masa a rai, kafin ta koma gida ya yi mata alkawari.

Aka sa maƙeri ya ƙera akwati mai faɗi, aka sa masa abin ɗumama iska da ma'aunin zafi da ɗan hannun da zai riƙa juya ƙwai. Sauran aikin shi ne a ba akwatin hankali, wannan kuwa aikin Gayus ne da abokan aikinsa biyu, Keziya da Habila.

To, ku sani, injuna ma ba yare ɗaya suke ji ba. Masu sana'ar suna da sunayen yarukan, ba sai na wahalar da ku da su ba. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne manhajar akwatin kashi uku ce, kowane kashi da yarensa. Kashi na fari shi ne wanda yake nuna wa Gwaggo Liyatu halin da ƙwai suke ciki a fuskar wayarta, Habila ne ya rubuta shi da yaren wayoyi, mai son ado da launi kamar shi Habilan. Kashi na biyu shi ne mai lura da lokacin juya ƙwai, wannan Gayus ne ya rubuta da nasa yaren. Kashi na uku yana zaune a can cikin akwatin, shi yake duba ma'aunin zafi, shi yake kunna wuta, shi yake kashewa. Keziya ce ta rubuta shi da wani tsohon yare mai tsauri, wanda ba ya yafe kuskure ko ƙanƙani.

Masu wannan sana'a ba sa jira sai sun gama aiki duka kafin su gwada. Kowane ɗan guntun aiki sukan rubuta masa tambayar da sun riga sun san amsarta. Idan zafi ya wuce kima, me za ka yi? In kashe wuta. Idan lokacin juyi ya yi fa? In juya. Waɗannan tambayoyi su ake kira ƙananan gwaje-gwaje. Kowane yare yana da hanyarsa ta yin tambayar, kowane kuma yana ajiye gwaje-gwajensa a foldarsa, wato ɗakinsa na ajiya a cikin kwamfuta.

Da Gayus ya ga bin ɗakuna uku kullum yana cin lokaci, sai ya shirya maɓalli guda. Idan an danna shi, kamar an aiki ɗan aike ne ya bi ɗakunan nan uku, ya yi dukan tambayoyin da ya tarar, ya dawo da labari. In ko gwaji ɗaya ya faɗi, fitila ta yi ja a allon kwamfuta. In babu wanda ya yi ƙorafi, ta yi kore.

Da farko ja ta fi yawa. Su gyara nan, can ya lalace, Habila ya ɗora wa Keziya, Keziya ta ce ya duba nasa tukuna. A hankali kore ta fara zama, har ta zama abin ado a ɗakin aikinsu. Kowa ya yi ɗan canji sai ya danna maɓallin, ya ga kore, ya miƙe ƙafa. Babu wanda ya ƙara shiga ɗakinsa ya yi tambayoyin da kansa. Don me mutum zai wahala, alhali ga ɗan aike mai sauri?

Aka sa ranar kasuwar ƙauyen ta zama ranar kai akwatin, domin ran nan ne kawai mota take shiga can kai tsaye. Matan zumunta kuwa sun riga sun tara ƙwai. Kowacce ta hana kazarta kwanci, ta hana 'ya'yanta ci, ta kawo wa Liyatu a ƙwarya da ƙaiƙayi a ƙasa. Akwai gwauruwar da ta kawo duk abin da kazarta guda ta saka. Ƙwan ƙyanƙyasa kuwa ba ya jira, in ya daɗe a ajiye sai ya mutu a cikin ɓawonsa. Idan akwatin ya ci amanarsu, matan nan sun rasa kajin shekara ke nan, kuma Liyatu ce ta tsaya musu.

Ranar kasuwar da hantsi Liyatu ta kira Gayus a waya. “Ɗana, mata sun cika mini tsakar gida. Kana hanya?”

“Yanzu za a ɗora a mota, Gwaggo.”

“To. Na gaya musu kai ba ka faɗin abin da ba za ka yi ba.”

Gayus ya danna maɓallin, fitila ta yi kore shar. Habila ya tafa hannu, ya tashi zai kira direba.

Amma Gayus yana da wata al'ada da ya koya a wurin malamin da ya koya masa aiki. Kafin manhaja ta fita daga hannunsa, yakan ɓata abu ɗaya da gangan a kowane kashi, ya danna maɓallin ya ga ko fitila za ta yi ja, sa'an nan ya mayar da abin yadda yake. Malamin yakan ce wanda bai taɓa ganin gwajinsa ya faɗi ba bai san ko yana da gwaji ba. Gayus ya dubi agogo, ya dubi koriyar fitila, zuciyarsa ta ce masa yau dai a bar al'adar nan ta huta. Ya kai hannu zai rufe kwamfutar, sai ya fasa.

Habila ya ce, “Haba Oga! Abu lafiyarsa ƙalau, ka ce sai ka karya shi? Direba fa ba zai jira mu ba.”

“Ba zai daɗe ba,” in ji Gayus.

Ya shiga kashin Habila ya ɓata abu ɗaya, ya danna. Fitila ta yi ja. Ya gyara. Ya shiga nasa kashin ya yi haka, ta sake yin ja, ya gyara. A waje direba ya fara danna oda. Habila ya leƙa taga ya dawo yana sosa kai. Ya ce, “Na Keziya kam ai ka san babu matsala. Ita da ko ɗigo ba ta mantawa.”

Gayus ya yarda da shi, gaskiya ya faɗa. Duk da haka ya buɗe kashi na uku, ya je inda aka rubuta cewa in zafi ya yi yawa a kashe wuta, ya juya shi ya zama a ƙara wuta. Ɓarna ce da ko makaho zai gani. Ya danna maɓallin yana tattara takardunsa, don ya san abin da zai fito.

Fitila ta yi kore.

Ya tsaya da takardu a hannu. Ya sake dannawa, ta sake yin kore, tana haske abinta kamar babu abin da ya faru. Ya rubuta wa inji ya dafa ƙwai, ɗan aike kuma ya dawo ya ce lafiya lau. Tsoro ya kama shi sosai, domin bai san tun yaushe fitilar nan take masa ƙarya ba.

“Habila, je ka ce wa direba ya tafi.”

“Oga?”

“Ya tafi. Keziya, zo ki gani.”

Keziya ta jawo kujera, suka bi sawun ɗan aiken ɗaki ɗaki. Ba su daɗe ba suka gano. Can baya, da gwaje-gwajen Keziya suka yi yawa, ta kwashe su zuwa sabuwar folda don ta gyara wuri. Tsohuwar foldar tana nan da sunanta, amma babu komai a ciki. Ɗan aike kuwa ba a gaya masa an yi ƙaura ba. Kullum sai ya je tsohon ɗaki, ya tarar babu kowa, ya dawo ya ce babu wanda ya yi ƙorafi. Kuma bai yi ƙarya ba, abin da aka ce ya duba ke nan. Kamar a aike ka gaida dangi, ka je ka yi sallama a kango, ka dawo ka ce ba ka ji kukan kowa ba.

Keziya ta riƙe baki. “Yaya Gayus, wallahi na ɗauka zai bi su can da kansa.”

“Ni ma ban koya masa ya yi ihu in ya tarar da ɗaki babu kowa ba,” in ji Gayus. “Bar wannan. Nuna masa sabon ɗakin.”

Suka mayar da abin da ya ɓata da gangan yadda yake, suka nuna wa ɗan aike hanya, suka danna. Yanzu babu wata ɓarnar ganganci a ciki, kamata ya yi a ga kore. Sai fitila ta yi ja wur.

Gwaji ɗaya ne ya faɗi, tambayarsa kuwa ita ce, idan aka ɗauke wutar lantarki aka dawo da ita, me za ka fara yi? Amsar da ta dace, in ɗan jira ma'aunin zafi ya farfaɗo, sa'an nan in tambaye shi. Keziya ta rubuta wannan gwaji tun farkon aiki, kuma a da yana wucewa. Amma daga baya sun so akwatin ya riƙa tashi da sauri, suka rage jiran, suka danna maɓalli suka ga kore, suka wuce. Tun daga ranar, in wuta ta dawo, akwatin yakan tambayi ma'aunin da bai gama farkawa ba, ya ji kamar ana tsananin sanyi, ya kunna wutar ɗumama iya ƙarfinta, ba ya kuma ƙara tambaya. A ɗakin aikinsu ba su taɓa gani ba, domin suna da batirin sola da ba ya yankewa. A ƙauyen Liyatu kuwa wuta takan tafi ta dawo sau da yawa kafin rana ta faɗi. Da ƙwan matan nan ya dahu tun yinin farko.

Abin mamaki, da Gayus ya ga jar fitilar nan, sai ya jingina da kujera ya yi doguwar ajiyar zuciya, har dariya ta kuɓuce masa. Shi da ba ya iya jure a ce aikinsa bai yi ba, ga allo yana faɗa masa haka ƙiri-ƙiri, amma bai taɓa jin sanyi a ransa irin na wannan lokaci ba. Ya ce, “Na gode wa Allah. Na gode wa Allah.”

Habila ya dawo daga sallamar direba, ya tarar da ja a allo da murna a fuskar maigidansa. Ya ce, “Oga, lafiya kuwa? Abu ya lalace kana godiya?”

“Dā ma a lalace yake, Habila. Yau ne muka samu mai gaya mana.”

Sauran abu mai wuya shi ne kiran Gwaggo. Ya kira, ya ce ba zai iso yau ba. Yana jin hayaniyar mata a bayanta. Sa'an nan ta ce, “Gayus, da wane baki zan gaya musu?”

“Ki ce musu kazar ƙarfen tana da zazzaɓi, Gwaggo. Mun gano ciwon, muna ba ta magani. Da na kawo ta yau, da dafaffen ƙwai za ku raba.”

Can ta ce, “To, gara ka zo a makare. Amma ka sani sai na ja kunnenka.”

Gyaran bai kai la'asar ba. Suka mayar da jiran, suka kuma koya wa ɗan aike cewa daga yau in ya shiga ɗaki bai tarar da gwaji ko ɗaya ba, ya kunna ja. Gayus ya sake bin kashi ukun yana ɓatawa yana gyarawa, kowane ya yi ja a lokacinsa. Sa'an nan suka ga kore, wadda a wannan karon ta ci sunanta. Kashegari ya ɗauki shatar mota ya kai akwatin da kansa. Liyatu ta ja kunnen nasa a gaban mata duka kamar yadda ta ce, ta kuma zuba masa tuwo har ya kasa tashi.

Aka jera ƙwai, aka rufe. Wuta ta yi ta tafiya tana dawowa kamar yadda ta saba, akwatin kuwa ya riƙa jira yana tambaya kafin ya kunna. Da kwanakin ƙyanƙyasa suka cika, wayar Gayus ta yi ƙara yana tsakiyar aiki. Ya ɗauka ya ce, “Gwaggo, ina kwana?” Ba ta amsa ba. Abin da ya cika masa kunne shi ne tsiyau-tsiyau na 'yan tsaki masu yawa, da guɗar mata daga nesa. Ya kira Keziya da Habila, suka taru a kan wayar suna saurare.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa. Manhajar nan mai kashi uku rayuwar mutum ce. Mutum ɗaya ne, amma yarensa na ɗakin sujada daban, na wurin aiki daban, na cikin gida daban. Fitilar kuwa lamirinsa ce, wadda Allah ya sa a cikinsa don ta gaya masa gaskiya.

Da yawa a cikinmu fitilarmu kore ce shekara da shekaru, muna kuwa jin daɗi. Muna zuwa sujada, muna waƙa, ba mu zagi kowa a bakin ƙofar coci ba. Ɗan aike ya bi waɗannan ɗakuna ya dawo da labari mai daɗi. Amma akwai ɗakin da muka kwashe kayansa muka kai inda ba ya zuwa. Wani yadda yake yi wa matarsa magana in baƙi sun tafi ne ya kai can. Wata yadda take yi da yarinyar da take taya ta aiki. Wani abin da yake kallo a waya in ya kaɗaita. Ba lallai da mugun nufi aka yi ƙaurar ba, Keziya ma gyaran wuri take yi. Amma tun daga ranar babu wanda ya ƙara yin tambaya a ɗakin, mu kuma muka ɗauki shirun a matsayin salama. Sau da yawa kuma ɗakin nan shi ne mai riƙe da wuta.

Ƙwan kuwa su ne waɗanda aka ba mu amanarsu, 'ya'yanmu, matanmu da mazanmu, waɗanda suke koyon aiki a hannunmu. Ba su da bakin cewa zafi ya yi yawa. Sai an buɗe akwati daga baya a ga abin da ya same su.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malamin Lahadi ya ce a yi zunubi da gangan don a gwada lamiri. Na san akwai masu jiran irin wannan izini, ban bayar ba. Abin da nake cewa shi ne ka tambayi kanka, yaushe rabon da fitilata ta yi ja? In ka daɗe ba ka ji Maganar Allah ta tsawata maka a kan komai ba, ko dai ka zama mala'ika, ko kuwa ɗan aikenka kango yake zuwa. Ni dai ban taɓa haɗuwa da mala'ika a ikkilisiyar nan ba. Ka buɗe ɗakin da ka daina shiga, ka roƙi Ubangiji ya shiga tare da kai. Ka tambayi wanda yake zaune a ɗakin, matarka ko ɗanka ko mai yi maka aiki, yaya nake a wurinka? Sa'an nan ka kama bakinka ka saurara.

In amsar ta zo ja, za ta yi zafi, ba zan ruɗe ku ba. Amma ku tuna da Gayus a kan kujerarsa, yana ajiyar zuciya yana godiya. Jar fitila ba ta kawo ciwon ba, bayyana shi ta yi, ta kuma bayyana shi tun mota ba ta tashi da akwatin ba. Allah ba ya tona mana ɓarnarmu don ya kunyata mu, jinƙansa ne yake sa ya nuna mana tun da sauran lokacin gyara. Saboda haka duk wanda fitilarsa ta yi ja a makon nan, kada ya ɓata rai. Ya durƙusa ya yi godiya, domin ƙwan bai dahu ba tukuna.